Tsugunon Jiran Gauraki

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na je ɗaukar hoton gauraki ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba.

Ni mai hoton biki ne a Funtuwa. In ana kamu ko wunin amarya, ni ne wannan da ke hawa kujerar mutane da takalmi yana cewa a matso. A lokacin ina neman auren Saratu, 'yar Alhaji Mamman na Ƙarfi. Ita ta amince, mahaifiyarta ma ta amince, saura Alhaji. Da aka gaya masa sana'ata sai ya ce, "Hoto? Wato abincinsa yana cikin tsakiyar matan mutane ke nan. A dakata mu ga kamun ludayinsa." Wannan dakatawar ta kusa kashe ni. Kullum in je gaisuwa, in durƙusa a zaure, ya amsa mini kamar mai biyan harajin dole.

Ana cikin haka wata ƙungiyar masu kare tsuntsaye ta zo neman mai hoto. Shugabansu wani Dakta ne daga Zariya, wanda ya yi digirinsa kaf a kan tsuntsaye (eh, akwai irin wannan karatun, ni ma ranar na fara ji). Ya ce gauraki kan sauka a wani gandun daji da ke bakin wata madatsar ruwa tsakanin Funtuwa da Malumfashi idan an gama girbi, su ɗan kwana biyu su wuce. Turawan da ke ba su tallafi suna son ganin hoto. In na ɗauko mai kyau, za a ɗauke ni aiki, har da katin rataya a wuya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Wa zai hana ma'aikacin ƙungiya mata?

Gandun nan fa, allo ne kawai. An kafa shi a bakin hanya, an rubuta an hana noma, an hana kiwo, an hana farauta. A gindin allon wani ya ɗaure akuyarsa, bayansa kuwa lambunan tumatir ne har iyakar ganinka.

Tun da asuba Dakta ya kai ni cikin gamba a bakin ruwa. Ya ba ni wani tsohon bargo ruwan ƙasa, ya ce in lulluɓa, in tsuguna, in ɓoye kyamara a ciki don kada gilashinta ya yi ƙyalli. "Malam, ko kunama ta harbe ka kada ka yi tari. Ka yi motsi, ka yi magana, aiki ya ƙare." Ya tafi can ƙetaren ruwa ya shige nasa maɓoyin. Hulata dai na ƙi cirewa. Zanna ce sabuwa, kuma ni ba na fita aiki kai ba hula.

Na tsuguna. Sauro ya yi karin kumallo da ni, ƙafafuna suka fara tsami. Gari ya waye sarai, sai ga su. Wallahi ban taɓa ganin halitta mai ji da kanta irin gauraka ba. Dogayen ƙafafu, farin kumatu, ga tukku a ka kamar an soka tsintsiyar zinariya. Suka sauka dab da ni, suna taku ɗai-ɗai kamar 'yan matan amarya. Zuciyata ta cika fal. Na fara laluben kyamara a hankali.

"Salamu alaikum."

Ta bayana muryar ta fito, kuma ko a mafarki na san ta. Alhaji Mamman. Ashe ɗaya daga cikin lambunan nan nasa ne, ashe ya ga babur ɗina a gindin allo da sunan shagona ɓaro-ɓaro a jiki, ashe kuma hular nan tawa ta leƙo saman gamba kamar tuta.

Jama'a, ku gaya mini. In amsa, gauraki su tashi, aiki ya tafi. In yi shiru, na ƙi amsa sallamar mutumin da nake neman 'yarsa. Gaba kura baya sayaki. Ina cikin lissafi ya sake yi, da ƙarfi. Na ƙara dunƙulewa cikin bargo. Ya matso, ya buɗe baki zai yi ta uku, sai na ji ya tsaya cak.

"Subhanallahi! Yi haƙuri, yaro. Yi haƙuri, ban lura ba."

Na ji takunsa yana ja da baya da sauri. Sai a lokacin na ga kaina yadda ya gan ni: mutum ya shiga ciyawa da sassafe, ya tsuguna, ya rufa da bargo, an yi masa sallama ya yi gum. Ko ni ne na tarar da wani haka, fassara ɗaya zan yi masa.

Da a ce tafiya ya yi, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Alhaji mutum ne mai kara. Ya koma kan 'yar hanyar da ke shiga lambu, ya juya mini baya, ya zama mai gadina. 'Yan ƙwadago suka taho da fartanya, na ji yana cewa, "Ku zaga ta can, akwai mai uzuri." Mata masu tsintar tumatir suka taho. "Ku bi ta sama, bayin Allah, akwai mutum." Wata ta tambaya ko wane ne. Ya ce, "Baƙo ne daga Funtuwa, ku dai wuce." (Har yau ban gane abin da ya sa sai da ya faɗi garin ba.)

Gauraki kuwa ko a jikinsu. Suka ma fara rawa. Wannan ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, wancan ya rusuna masa, rana ta haske tukkayensu. Hoton da zai sa Bature kuka, ga shi a gabana, ga kyamara a cinyata. Amma in na ɗaga ta ta yi ƙyas, Alhaji zai waiwayo ya gane cewa lafiyata ƙalau, tsuntsu ne ya fi shi daraja a wurina. Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na zauna ina kallo, hawaye na zuba, rabi na takaici rabi na ciwon gwiwa.

Har hantsi ya dubi ludayi ina nan. Can na ji ciyawa na motsi. Alhaji ne ya taho da baya da baya, fuskarsa na kallon gabas, ya miƙo hannu ta baya ya ajiye mini buta cike da ruwa, ya koma bakin aikinsa na gadi. Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya kawo mini buta! Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

To, me ya rage? Na ɗauki butar nan na tsiyaye ta a ƙasa, a hankali, yadda za a ji ƙarar ruwa. Na yunƙura zan miƙe, ashe ƙafafu sun daɗe da yin sallama da ni. Na tafi rigijib cikin taɓo. Gauraki suka tashi gaba ɗaya da kuka, suka nufi kudu, ko waiwaye babu.

Na rarrafo na durƙusa gabansa, kyamara a hammata cikin bargo. "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, yaro. Sannu. Sannu ka ji? Tun yaushe abin yake damunka?"

Ban kai ga haɗa ƙarya ba sai ga mutumin Zariya ya ɓullo, wando duk taɓo, yana huci. Na yi wuf na tare shi. "Dakta, ga Babanmu. Baba, wannan Dakta ne, tare muka zo."

Alhaji ya dafe ƙirji. "Har da likita kake yawo? Ashe abin ya kai haka. Likita, yaya ake ciki? Akwai ci gaba?"

Dakta bai san dawan garin ba, haushina kawai yake ji. Ya ce, "Wane ci gaba, Alhaji? Ina hango shi daga can. Tun asuba yake tsugune, ko guda ɗaya bai yi ba!"

"Ko guda?"

"Ko guda! Ga dama ta samu, komai ya zo daidai, ya kasa."

Alhaji ya girgiza kai cike da tausayi, ya juya wajen 'yan ƙwadago da matan da suka riga suka taru. "Kun ji ko? Basir ne. Mai tsiro ma kuwa." Wata tsohuwa ta ce in riƙa zama cikin ruwan ɗumi da bagaruwa. Wani ya ce ƙaninsa ma haka ya fara. Ni dai ina durƙushe ina cewa na gode, na gode, Allah ya saka.

Aiki dai ya bi gauraki. A hanya Dakta ko kallona bai yi ba. Na koma gida na kwanta, na tabbata Saratu ma ta tafi, don wa zai ba da 'yarsa ga wanda aka yi wa taron jaje a bakin lambu?

Bayan la'asar ta kira ni, dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Baba ya ce ka turo magabatanka."

Na ce ta daina yi mini wasa da rai.

"Wallahi. Ya ce samarin yanzu ko a ina suke sai su amsa sallama, har waya suke amsawa. Amma kai ya yi maka har sau biyu ka ƙi ambaton sunan Allah a wurin da bai dace ba. Ya ce yaron nan ya san hukunci, ya sha karatu. Larura kuwa ba aibi ba ce, zai nema maka magani da kansa." Sai kuma ta ce, "Wai da gaske kana da shi?"

Na gaya mata gaskiya. Ta ce in kuskura in gaya wa Baba, ita da kanta za ta fasa.

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Duk zuwan da za mu yi Ƙarfi, Alhaji zai ja ni gefe ya rage murya ya ce, "Yaya jikin?" Sannan a kawo jiƙo mai ɗacin tsiya, ya tsaya a kaina har in shanye. Abin da na koya shi ne, idan dattijo ya yi maka kyakkyawan zato, kada ka gyara masa, ko da zaton na basir ne. Rufe ido ka shanye.