Kaka Ta Zo Neman Kafso

"...ya aikin kuma? Ko da yake wane aiki, mutum na zaune ƙarƙashin fanka da roba rataye a wuya."

"Aiki da godiya, amarya. Wa ya ba ki izinin fita ban sani ba?"

Haka tsohuwar da likita suka fara tun kafin ta zauna. Ni ce nas a wannan ƙaramin asibitin unguwa, kuma na san ta sarai, kakar likitanmu ce, wadda ta haifi mahaifiyarsa. Mura ce ta kawo ta, ga tari, ga hanci kamar famfon da ya lalace. Na auna zafin jikinta, babu abin tashin hankali. Halinta ne ya dame ni. In bai rubuta mata kafso ba, kemis na nan a bakin titi, kuma mai kemis ba ya tambayar kowa takardar likita.

"Rubuta min ja da baƙin nan in tafi," in ji ta. "Na bar tukunya a wuta."

"Ke da girki? Rabon da ki dafa abin da mutum zai iya haɗiyewa tun ina rarrafe."

"Da shi ka yi wannan ƙaton kan. Rubuta."

"Buɗe baki tukuna. Ikon Allah, ina sauran haƙoran? Da na aure ki sun fi haka yawa."

"Baƙin cikin zama da kai ne ya zubar da su."

Ya sa robar a kunne, ya saurari ƙirjinta, ya koma baya, ya sake dawowa gaba. Na lura ya daɗe fiye da yadda yake yi wa sauran mutane.

"Ƙirjinki fes yake," ya ce. "Mura ce kawai, ita kuwa kafso ba ya taɓa ta. Sai ta gama kwanakinta ta tattara ta tafi. Ki sha ruwan ɗumi da zuma, in jiki na ciwo ga farasitamol, ki kwanta ki huta."

"Ruwan ɗumi? Duk shekarun da ka yi a makaranta abin da aka koya maka ke nan? Ai ni na koya wa uwarka shi, ban taɓa shiga aji ba."

"Shi ya sa suka ba ni takardar, sun ce gado na yi."

"Likitan da ke nan kafin kai, ko atishawa mutum ya yi sai ya fita da leda cike."

"Shi ya sa yanzu ƙwayoyin cutar unguwar nan in sun haɗu da kafso sai su gaisa, har su tambaye shi iyali."

"To zauna da bironka. Mai kemis ya fi ka sakin hannu, ya fi ka kyau. Kana nan zaune za ka ji na koma gidansa."

Na ɗauka zai rama. Sai ya ajiye biron a kan katinta na asibiti.

"Kaka," ya ce, ni kuwa ban taɓa jin ya kira ta haka ba. "Kin tuna kwanciyar mijinki, kakana, a babban asibiti? Duk maganin da aka sa masa a ruwa, cutar ta riga ta saba da shi. Shi ma haka yake, ko maƙogwaro ya yi masa ƙaiƙayi sai ya aika kemis. Ina tsaye a kansa da farar rigar nan, ban iya yi masa komai ba. Ranar da ƙirjinki zai buƙaci maganin nan da gaske, so nake ya yi aiki. In numfashi ya yi miki wuya, ko zazzaɓi ya taso ya ƙi sauka, ki kira ni. Da hannuna zan rubuta."

Tausayinsu ya kama ni su biyun, na juya ina gyara audugar da ba ta buƙatar gyara.

Can tsohuwar ta jawo jakarta, ta yi ta tono ƙarƙashin hankici da makullai, ta zaro katin kafso sabo fil, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Ashe ta riga ta biya kemis kafin ta shigo, amincewarsa kawai ta zo nema.

"Au, ashe har ya fara yi miki hidima a bayan idona?" in ji likita.

"Rufe min baki." Ta kama hannunsa ta danƙa masa katin, tana dariya tana tari. "Riƙe, na ba ka kyauta. Mijin farko ya tafi ya bar ni. Ni ba zan tafi in bar na biyu ba, don da wannan kan naka babu wadda za ta kwashe ka."