Ranar da tasi ɗina ta tafi aiki ba ni

Da sanyi ya shigo, lokacin da ruwan Makka ke sauka, baladiyya, wato hukumar gari, ta yi sanarwa kada kowa ya ajiye mota a kwarin da ke bayan layinmu a Hindawiyya. Har manyan kwandunan shara ta kwashe daga wurin. Ni da kullum sai na sha zagaye kafin in samu gurbin tasi ɗina, sai ga fili fetal. Na ce kakata ta yanke saƙa, na ajiye ta a can.

Maƙwabcinmu Ammu Sale, dattijo haifaffen nan, ya leƙo ta taga. "Ya waladi, ɗana, ɗauke motarka. Hanyar ruwa ce."

Na dubi sama kamar wani masani. "Baba, ni fa mutumin Zariya ne, mun san ruwa. Wannan ɗan hadarin ko mota ba zai wanke ba."

Ya kuwa wanke ta. Muna sallar la'asar aka kece da ruwa, duwatsu suka juyo mana shi gaba ɗaya. Na fito masallaci na hango motata, abin cin abincina, tana tafiya a natse, ba direba. Wani yaro har da ɗaga mata hannu kamar fasinja, yana kiran unguwar da za shi: "Ka'akiyya?"

Ammu Sale da 'ya'yansa ne suka shiga ruwa da igiya suka tare ta. Da suka fito, shayi ma ya miƙo mini.

Amma har yau, da an ga ɗan gajimare, sai ya leƙo ta taga. "Kyaftin, yau jirgi zai tashi?"