Yadda Na Kusa Kashe Tuffar Surukina da Bokiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata ta biyu a Fort Washington ba, kuma har yau ina jin haushin mutanen gidan nan. Likita guda, injiniya guda, amma aka rasa wanda zai gaya mini ƙasar Maryland ba ta jin ƙishirwa.

Raino ya kai ni wajen 'yata Hadiza. A bayan gidansu akwai wata bishiya, dangin tuffa ce, sai dai 'ya'yanta ba su wuce magarya ba, ga tsami. A watan huɗu takan yi furen da yake rufe ta ruf. Mijinta Bashir ya ce saboda furen nan ya zaɓi gidan. Ni kuwa na ce bishiyar da ba a cin 'ya'yanta tana ɓata wuri ne. Shekara ashirin na yi ina yi wa mangwaro aure a lambunmu na Zariya, wato in yanko reshen mai zaƙi in haɗa shi da jikin wata. Na roƙo rassa biyu na tuffa mai zaƙi wajen maƙwabci, na yanka, na ɗaure, suka kama. (Wata guda na yi ina jan baƙi zuwa bayan gida, ko suna so ko ba sa so.)

Daga nan na shiga kula da ita irin ta gida. Na tara mata ƙasa da taki a gindi har gwiwata, na kewaye don ruwa ya tsaya, bokiti biyu da safe, biyu da yamma. Kuma ina rubutawa. Sai da na haura arba'in na shiga yaƙi da jahilci, tun daga lokacin duk abin da na yi sai ya shiga littafi.

Da shekara ta zagayo, ganye ya fara rawaya yana zuba a tsakiyar zafi. Nan take na gano mai laifi: maganin ciyawar da Bashir yake sa a fesa a filin gidan.

Ranar suna maza na zaune a bayan gida, na fito da tiren masa. Wani ya tambayi abin da ya sami bishiyar. Bashir ya ce, "Ai ta gama. Mako mai zuwa za a sare ta."

Na dire tire. A gaban abokansa, ni surukarsa, na ce, "Feshinka ne ya kashe ta. Ni na yi nawa." Ban tsaya nan ba, sai da na koma ɗaki na ɗauko littafin.

Cikin baƙin akwai Malam Isufu, dattijo ɗan Maraɗi, malamin gona ne a gida, a nan kuwa tasi yake ja. Ya sa tabarau ya duba.

"Hajiya, wannan huɗu-huɗun, mi ne ne?"

"Bokiti. Ban taɓa fashi ba."

"Har ranar da aka yi ruwan sama?"

"Har ranar."

Ya naɗe hannun rigarsa ta biki, ya durƙusa, ya tona tudun nan nawa da hannu. Wari ya taso kamar na kwata. Ɓawon gindin ya yi baƙi, yana saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

"Ƙasar nan yumɓu ce, Hajiya, riƙe ruwa take kamar randa. Feshi ba ruwanshi. Ko shinkafa kika yi ma haka, sai ta koka."

Aka kwashe da dariya. Hadiza daga bakin ƙofa ta ce, "Mama, ba na ce miki ba..." Na ce, "Ba ki ce ba." (Wataƙila ta ce.) Bashir bai yi dariya ba, sunkuyar da kai ya yi, kuma wannan ya fi ƙona ni.

Sai Malam Isufu ya ce in matso. Ya kankare ɓawon da farce ta gefe guda, sai ga kore shar, faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Ya ce duk bishiyar nan, har da rassan da na haɗa mata, ta wannan ɗan siririn take ci take sha. Ya nuna mini wasu fararen jijiyoyi kamar zare da suka hauro sama cikin tudun, wai iska suke nema. Na tsugunna, na manta da baƙi, na manta da masa. Shekara guda ina shaƙe halittar Allah safe da yamma, ita kuwa shiru, tana haƙa wa kanta hanyar numfashi, kuma ba ta yar da rassan da na ɗora mata ba. Subhanallahi kawai nake iya faɗa.

Malam Isufu ya ce wa Bashir, "Ka ba ta shekara guda. Auren kuwa, tun barina gida ban ga mai kyansa ba."

A ranar na gane rubuta abu kullum ba ya mai da shi daidai, shaida kawai mutum yake tara wa kansa.

Washegari bayan asuba, ni da girmana, na riga Bashir gaisuwa. Na ce ya yafe mini, sannan ya ara mini ƙaramin shebur. Na durƙusa na fara kwashe tudun a hankali, har gindin ya fito ya sha iska.