Ciyaman da Masu Korayen Riguna

Duk wanda bai san Ciyaman na hukumar ƙwallon jiharmu ba, to bai san ƙwallo ba. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya. A ofis ana kiransa Ƙwaƙwalwar Jiha, 'yan wasa kuwa idan ya juya baya su ce Baba Lacca. Gaskiya ne bai taɓa taka leda ba tun da aka haife shi, amma wannan ba aibi ba ne, domin a cewarsa ƙafa ta yara ce, manya da kai suke bugawa. Hotunansa sun rufe bangon ofis ruf, har taswirar jiha sai da aka cire don a sami wurin wanda ya ɗauka rungume da ƙwallo kamar jariri.

To sai ga babbar rana ta matso. A karon farko a tarihi, zaɓaɓɓun 'yan wasan jiharmu za su kara da na jihar maƙwabta, ga kofi, ga rediyo kai tsaye. Yaranmu sun yi watanni suna atisaye a rana, wasu daga gareji, wasu daga shagon ɗinki, kowa na fatan a gan shi. Ciyaman ma bai zauna ba. Ya ziyarce su sau ɗaya, ya hau benci, ya lumshe ido kamar yadda ya saba in zai yi jawabi.

"Ku saurara da kyau. Sirrin ƙwallo ɗaya ne, ni na gano shi. Ku ci su, kada su ci ku. Koci, rubuta."

Koci ya ce, "An rubuta, ranka ya daɗe."

Ranar wasa da safe, uwargidansa ta miƙo masa tabarau. "Baban yara, ga idonka, kada ka manta."

"Ajiye shi. Yana tsufar da ni a hoto."

Ya isa bakin filin da wuri, amma ya ce direba ya tsaya bayan katanga, don babba ba ya shiga sai kowa ya zauna. Yana can yana gyara hula a madubin mota aka sami 'yar matsala a ciki. Baƙi sun zo da korayen riguna, mu ma kore ne namu. Alƙalin wasa ya ce masu masauki su canza, yaranmu suka sa farare, aka hura usur.

Sai da wasa ya yi nisa Ciyaman ya shigo yana ɗaga wa jama'a hannu, jama'a kuwa na kallon ƙwallo. Ya zauna a rumfar manya kusa da ciyaman ɗin baƙi, wani dattijo siriri mara yawan magana. Sakatare ya sunkuyo da sauri.

"Yallaɓai, dama rigunan..."

"Sakatare, ina nazari. Wanda ya sake yi mini magana kafin a tashi, a bakin aikinsa."

Sakatare ya haɗiye sauran maganar, ya koma kujerarsa.

Koraye suka kwaso ƙwallo, suka yi ta yanka fararen. Ciyaman ya dafa gwiwar baƙonsa. "Ka ga wannan yankan? Ni na koya musu. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, yau kun zo makaranta."

Dattijo ya dube shi, ya dubi fili, ya ce, "Allah ya ƙara basira."

Can sai koraye suka zura ƙwallo a raga. Fili ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Mutum ɗaya ne ya miƙe a rumfar manya, yana juyi, yana kaɗa hula, yana ihun "Yarana! Yarana!" Da ya ga kowa ya zuba masa ido, sai ya gane abin da ke faruwa nan take: murna ce ta sa mutane suka kasa motsi.

Bayan hutun rabin lokaci al'amari ya juya. Farare suka dawo kamar an zuba musu wuta. Wani bakanike da ke buga gaba ya farke da ka, fili ya ɗauki sowa. Ciyaman ya murtuke fuska. "Dubi mutanen jihar nan, baƙi suke yi wa tafi. Ba kishi ko kaɗan." Dab da tashi aka kayar da wani mai farar riga a gaban raga, alƙali ya ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida, kyaftin ya narka ƙwallo a raga. Ciyaman ya yi ta dukan tebur yana cewa an sayi alƙali.

Ana hura usur ɗin ƙarshe mutane suka ɓarke cikin fili, masu kuka na yi, masu rawa na yi. Ɗan jarida ya hauro da makirufo. "Ranka ya daɗe, jiha na saurare. Me za ka ce?"

Ciyaman ya gyara murya, ya lumshe ido. "Jama'a, wannan abin kunya ba da hannuna a ciki ba. Na ba da dabara, aka yi watsi da ita. Daga yanzu na kori koci. Masu fararen riguna kuwa, a gaya musu su rage rawar kai. Sa'a ce kawai, da taimakon alƙali. Ko a unguwa ban ga wanda zan ɗauka a cikinsu ba."

Da ya buɗe ido, sai ga kyaftin ɗin farare a gabansa, gumi na zuba, ya miƙo kofi da hannu biyu.

"Kai wa shugabanku, yaro."

"Baba, ai kai ne."

Makirufo na nan a buɗe. Ciyaman ya ƙanƙance ido, ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa rigar, ya karanta sunan jiharmu a ƙirjin yaron. Bayan yaron ga koci tsaye yana washe baki. Sakatare kuwa ya sami wani abin sha'awa a rufin rumfa yana ta kallo.

Amma babba babba ne. Ciyaman ya yi gyaran murya ya ce, "Dama gwada ku nake yi."

Sai dattijon nan ya taso a hankali, ya karɓi makirufo, ya yafa wa Ciyaman koriyar riga a kafaɗa.

"Mun sha kashi, mun yarda," in ji shi. "Amma ba za mu tafi ba mu yi godiya ba. Mota biyu muka cika da magoya baya, duk cikinsu babu wanda ya yi mana wahala yau kamar wannan bawan Allah."