Yadda Za Ka Gamsar da Ofishin Inshora Cewa Kai Talaka Ne

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kana Dubai da iyali, albashinka bai taka kara ya karya ba, kuma kana so a saka matarka da 'yarka cikin inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, to ka zo inda ya dace. Ni ne Maharazu, mutumin Kano, mai ɗaure kaya a wani shagon kargo a Al Sabkha. Na ba ka tabbaci, in ka bi abin da zan faɗa maka, katin asibiti zai shigo hannunka. Ban taɓa karanta dokar ba, kuma ba ni da niyya. Amma duk wanda aka koro daga ofishin nan a bencina yake zuwa ya sha shayi ya huce, shi ya sa na fi masu ofishin sanin aikinsu.

Ga yadda abin yake. Tun bara, 2014, da aka fara maganar dole kowa ya riƙe inshora, kamfani yana yi wa ma'aikacinsa, iyali kuwa sai dai ka san yadda za ka yi da su. Akwai wani ofishi da ke tallafa wa iyalan da ba su da hali. Sharaɗinsu mai sauƙi ne a baki: su yarda ba ka da shi. Kai kuwa tun ranar da ka sauka daga jirgi ba ka da aikin da ya wuce nuna wa duniya kana da shi.

Zan riƙa ba ka misali da abokina Abdul-Mumuni, ɗan zangon Kumasi a ƙasar Ghana, mai gadin wani sito a Jebel Ali. Yana da mata, Memuna, da 'ya ɗaya, Zaituna, mai ciwon asma. In ciwon ya tashi, ƙirjinta kuka yake kamar 'yar kyanwa. Abin shaƙarta ya kusa ƙarewa, ganin likita babu kati kuwa sai mai rijiyar mai. Duk kuskuren da ɗan Adam zai iya yi a wannan hanya Abdul-Mumuni ya yi shi, Allah Ya saka masa da alheri, ya hutar da kai.

Mataki na 1: Rabu da jar motar nan

Ka san wadda nake nufi. Wadda ka jingina da ita a gaban otal, ka ɗora hannu a kan madubi, ka sa a Facebook ka rubuta "Sai godiya." Goge ta. Ba don masu ofishi za su gani ba, ba su da lokacinka. Don kanka ne. Mutumin da ya kalli hoton nan da safe ba zai iya buɗe baki da rana ya nemi taimako ba.

A Kumasi Manaja ake kiran Abdul-Mumuni. Surukarsa tana faɗa a gidan biki cewa mabuɗan tashar jiragen ruwan Dubai a aljihunsa suke kwana. Ba ƙarya ta yi ba, akwai mabuɗi a aljihunsa, na ƙofar baya ne inda ake fitar da shara.

Mataki na 2: Bar albashinka ya zauna

Ka tuna lokacin da kake neman bizar iyali? Ka bi akawun kamfani har wurin cin abinci, ya haɗa maka kuɗin gida da na mota da na aikin dare, sai da albashin ya miƙe tsaye kamar na mutane. To yanzu so ake ya zauna. Kada ya kwanta, in ya kwanta za a tambaye ka da me kake riƙe iyali. Kada kuma ya tsaya. Ana son shi kamar ruwan wankan jariri, ba zafi ba sanyi.

Labari mai daɗi shi ne, wannan karon ba sai ka roƙi kowa ba. Karɓi takardar gaskiya kawai. Za ka ga ta isa, har ta yi yawa.

Mataki na 3: Kada ka yi kwalliya

Nan ne mutanenmu suke faɗuwa tun daga bakin ƙofa. Mu dai in aka ce ofis, sai shadda. Haka aka rene mu, ba a zuwa gaban hukuma kamar wanda aka koro daga gona.

Ranar farko Abdul-Mumuni ya fito da farar shaddarsa ta Sallah, ya sha guga, ya kafa hula, ya ɗaura agogon nan mai ruwan gwal da ake sayarwa a bayan shagonmu, ya yi wanka da turaren oud. Yana shiga, mai tsaron ƙofa ya miƙe tsaye. Aka tsallake layin talakawa da shi, aka kai shi wani ɗaki mai kujerun fata, aka kawo gahawa da dabino. Ashe ɗakin masu kawo gudummawa ne.

Da ya dawo na tambaye shi, "To ka faɗa musu abin da ya kawo ka?"

Ya ce, "Massa Maharazu," wato maigida a bakin mutanen Ghana, "bayan na ci dabinon mutane?"

"To me ka yi?"

"Akwai akwatin sadaka a wurin. Na saka musu kuɗin motata."

Da ƙafa ya dawo, cikin rana, shaddar ta manne masa a baya. Kai dai sa rigar aikinka, wadda gwiwar hannunta ta koɗe. Turare kuwa bar shi a gida, motar haya za ta ba ka wanda ya dace.

Mataki na 4: Sake koyon amsa gaisuwa

Komawa ta biyu ya sa yunifom, ya bi layi, ya isa gaban ma'aikaci. Sai ma'aikacin ya ce, yaya yanayin gida?

"Alhamdulillah."

Yarinyar fa, an rubuta tana da asma?

"Da sauƙi sosai."

Akwai wata matsala da kake so mu sani?

"Babu komai wallahi."

Mutumin nan ya dube shi ya dubi takarda, ya rasa inda zai rubuta "babu komai". Mu a wurinmu ko gini ne ya faɗo wa mutum, in ka ce yaya jiki zai ce da sauƙi. Wannan tarbiyya ce, kuma ina alfahari da ita. Amma a ofishin inshora tambaya ake yi maka, ba gaisuwa ba. Gode wa Allah a zuciyarka, Yana ji. Da bakinka kuma faɗa wa mutumin abin da ya tambaya.

Allah Ya sa ma'aikacin mai haƙuri ne. Ya ce khalas, wato shi ke nan, za a turo wata ta zo ta ga gidan da idonta.

Mataki na 5: Kada ka ce wa matarka baƙuwa za ta zo

Ce mata ma'aikaciya. Ce mata mai bincike. Ce mata duk abin da ka ga dama, ban da wannan kalma. Abdul-Mumuni ya shiga gida ya ce, "Maman Zaituna, gobe muna da baƙuwa."

Shi ke nan, magana ta ƙare.

Ɗakinsu ɗaya ne a hawa na uku a wani tsohon bene a Al Buteen, rabin falo ne da aka raba da katako. Katifa, tabarma, risho, akwati biyu. Da a haka aka same shi, ko tambaya ba za a yi ba. Amma wace mace ce za ta bari baƙuwa ta zauna a tabarma? Kafin azahar Memuna ta zagaye benen. Ta aro talabijin ɗin Hajiya Mero, mai sayar da abaya a hawa na biyu, irin mai faɗin nan da ya kusa kai ƙofa. Ta aro kafet ɗin Dikko direba, wanda yake naɗe a bayan ƙofarsa tun azumin bara. Ta aro labule, ta aro kujeru biyu, ta aro sarƙar gwal a wurin wata 'yar Nijar. Sannan ta dafa waakye, shinkafa da waken mutanen Ghana, ta soya kazar da suka ajiye don Juma'a.

Ni aka kira na hau da talabijin. Ina haki na ce masa, "Abdul-Mumuni, kana hauka ne? Talaucinka za a zo dubawa."

Ya ce, "Na sani, Massa. Amma baƙo baƙo ne. Ko mai yanke wuta ne ya zo, ai sai ya sha ruwa."

Na ci gaba da hawa da kayana, don ni ma da gidana ne haka za a yi.

Mataki na 6: Zauna da maƙwabta marasa haƙuri

In ka riga ka yi kuskuren mataki na biyar, wannan ne kaɗai zai cece ka.

Bayan la'asar matar ta iso, wata dattijuwa 'yar Sudan mai tabarau. Ta dubi talabijin, ta dubi kafet, ta dubi wuyan Memuna. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga ta mayar da murfin bironta. Ta ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, wannan tsari na waɗanda ba su da hali ne. Ku kam masha Allah."

Abdul-Mumuni ya ce, "Alhamdulillah." Na ji kamar in shaƙe shi.

A lokacin nan Zaituna tana gefe tana tari. Ƙurar da ke cikin kafet ɗin Dikko ta tayar mata da ciwon, abin da ba wanda ya yi tunaninsa sai da ya faru. Memuna ta jawo ta jikinta tana shafa mata baya, fuskarta duk ta canza.

Sai ga sallama. Hajiya Mero ce, hannu a ƙugu.

"Memuna, ki yi haƙuri, fim ɗina na Indiya ya kusa farawa, yau za a gane waye uban yaron. Maharazu, ɗauko min kayana."

Memuna ta yi ƙasa da murya. "Hajiya, ki bari baƙuwa ta tafi mana."

"Ai na bari tun azahar."

Na cire waya, na ɗora talabijin a ka. Ban kai ga fita ba Dikko ya leƙo, wai ya ɗauko baƙi daga filin jirgi, ba inda za su zauna. Aka ce Madam ta ɗan ɗaga ƙafa, aka naɗe kafet. Mai kujeru ya ga ana rabon gado, shi ma ya zo, Madam ta miƙe tsaye. 'Yar Nijar mai sarƙa hannu kawai ta miƙa, Memuna ta kwance sarƙa ta ba ta. Kafin ka ce me, ɗaki ya koma yadda Allah Ya yi shi, ga mutane cike da ƙofa suna kallo.

Mataki na 7: Faɗi maganar

Wannan ba wanda zai yi maka. Ba a aro, ba a aike.

Madam ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "To a ɗakin nan, mene ne naku?"

Zaituna ta ɗauko abin shaƙarta ta girgiza, ta danna, babu abin da ya fito. Ta sake dannawa. Duk wanda ke wurin ya ji wannan ƙarar.

Abdul-Mumuni ya cire hularsa. Mutumin da shekara da shekaru ko ni bai taɓa ce wa yana jin yunwa ba. Ya ce, a gaban Hajiya Mero da Dikko da kowa, "Madam, ba ni da shi. Ni mai gadi ne. Yarinyata ba ta iya numfashi, kuma ba ni da kuɗin kai ta wurin likita."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har idona ya kawo ruwa, ga talabijin a kaina, ba halin sharewa. Hajiya Mero ta ce fim ɗin ma ya sha ruwa, ta aiki Dikko ya tayar da mota a kai yarinya asibiti yanzu.

Madam ta buɗe biro ta yi rubutu mai tsawo, ta buga waya, ta faɗa wa Dikko inda zai kai su. Har ta juya za ta fita sai ta hangi tire a ƙasa, an rufe shi da farin kyalle. Ta ce, "Wannan fa, wa zai zo ya ɗauka?"

Memuna, tana saɓe da Zaituna a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "A'a, wannan namu ne. Don Allah ki zauna ki ci, kada ki tafi haka."

Matar nan ta tattara zanenta ta zauna a tabarma ta ci. Ni na sauke talabijin na tsaya na taya ta, don bai kamata baƙuwa ta ci ita kaɗai ba. Katin ya fito kafin watan ya mutu.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, kai ka jawo wa kanka. Ni ba lauya ba ne, ba ma'aikacin inshora ba, igiya da kwali na sani. In ka je ka tarar dokar ta canza, ko ofishin ya tashi, kada ka zo shagonmu, maigidana ba ya son taro. In maƙwabtanka masu kawaici ne suka bar maka kayansu har baƙuwa ta tafi, wannan tsakaninka da su ne. In labari ya kai gida aka daina kiran ka Manaja, ban aike ka ba. Kazar ma kai za ka saya.

In kuma ka bi ta wani tsohon bene a Al Buteen ka ji wata yarinya tana hawa matakala a guje tana sauka, tana ihu, ta hana Hajiya Mero barcin rana, kada ka kawo min ƙara. Zaituna ce, kuma ni ba ruwana.