Ranar da na tsere da iƙama a aljihu

Shekara bakwai ina dako a unguwar Khumra, can ƙasar Larabawa, ba takarda, kafin Allah ya haɗa ni da kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Ranar da iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito, na ɗebi matata Balaraba da yayanta Usman, haifaffen unguwar Ruwais, muka nufi bakin teku.

"Yau ko shugaban 'yan sanda ne ya zo, dafa kafaɗarsa zan yi," na ce, ina bubbuga aljihu.

Muka hau lilon nan mai kama da ƙatuwar taya. Da ya kai mu ƙololuwa, sai ga rana tana narkewa cikin ruwa kamar man shanu a miya, jirage sun yi tsit can nesa, iska mai gishiri tana shafa mini fuska. Na lumshe ido, ina jin garin kamar gadona. Hulata ta tashi ban sani ba.

Muna sauka, wani mai kaki ya busa usur yana yafito ni.

Wallahi ƙafafuna ba su shawarce ni ba. Na tsallake tabarmar wasu Larabawa, na yi fatali da butar shayinsu, sai ga ni cikin teku har ƙirji.

Mutumin ya iso yana haki. Ashe maigadin wurin ne, hulata a hannunsa.

"Yalla, fito, halas, magana ta ƙare," in ji Usman, yana share hawayen dariya.

Kwana biyu iƙamar tana shan iska a taga. Har yau in zan fita, Balaraba sai ta ce, "Malam, ka ɗauki takardar, ko ƙafafun sun isa?"