Yadda Za Ki Sayi Gadon Waje Ba Tare da Yayanki Kafinta Ya Sani Ba

Hajiya, matso kusa. Bikin 'yarki Khadija ya taso, ranki ya biya da setin gado ɗan waje, mai sheƙi ga araha. Matsalar ɗaya ce: Yaya Isyaku, uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta a Gyadi-Gyadi, wanda kowace amarya a danginku a kan gadonsa ta tare. Bi matakan nan, na yi miki alkawari za ki samu gado ki kuma tsira da zumunci. Ban taɓa gwadawa ba, amma ina da tabbas.

1. Ki fi kowa kishin kayan gida
Da baki nake nufi. A gidan suna ki tafa hannu ki ce, "Wallahi mu muke kashe sana'ar 'yan'uwanmu! Me kafintocin Kano suka rasa?" Mata za su ce, "Faɗa musu dai, Hajiya Sa'adatu." Mai wa'azi ba a leƙa ɗakinsa.

2. Ki sauya hanya
In za ki kanti daga Tarauni, ki ce wa mai adaidaita ya kauce wa Gyadi-Gyadi ya zagaya ta Unguwa Uku, ko da zai yi ta mita. Idan tsautsayi ya haɗa ki da Yaya, zai ce, "Sa'a, yaushe zan zo in auna ɗakin Khadijatu?" Ki ce, "Ai da saura, Yaya." Kada ki kalli kujerun da ya lulluɓe da leda tun bara ba mai tayawa. Kallo ke jawo tausayi, tausayi kuwa ba ya jere ɗaki.

3. A kanti, ban da ƙwanƙwasawa
Mai kanti zai ce, "Hajiya, jiya aka sauke shi daga jirgi." Ki yarda. Kada ki tambayi wace bishiya ce, don ba bishiya ba ce, garin katako ne aka cuɗa da gam aka shafa masa hoda. Masu cewa araha ba ta ado ba su ga wannan an kunna masa fitila ba.

4. Ranar jere
Kwalayen da gadon ya zo a ciki su ɓace kafin dangi su iso. Gwaggo Iyatu, wadda Allah ya hore wa jiki, ki tare ta tun daga ƙofa da tabarma kafin ta zauna a kan gadon: "Gwaggo, nan ya fi iska." Ki ja amarya gefe ki gaya mata gadon nan ba ya shiri da ruwa, in za ta goge ɗaki ta zagaye ƙafafunsa kamar mai kewaye kunama.

5. Idan ya zo
Zai zo fa. Bayan la'asar za ki ji kurkura, keken ɗaukar kaya, ta tsaya a ƙofar gida, an ɗauro gado na maɗaci, yana ƙanshin sabon fenti. Zai yi sallama yana goge hannu a riga, ya ce, "Na gaji da jiranki, sai na yi da ƙiyasi. Gudummawata ce." Daga nan idonsa zai faɗa cikin ɗaki. Guɗa za ta tsaya cak.

Kada ki yi bayani. Shi ma ba zai tambaya ba. Zai shafa kan gadon naki ya ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau. Allah ya sanya albarka." Zai ciro sukundireba daga aljihu ya ɗaure wani noti da ya ga yana rawa, sannan ya fita ya ce wa mai kurkura, "Juya, mu koma." Kunya za ta kama ki har ki yi ƙwalla. Ki ce hayaƙin turaren wuta ne ya shiga idonki.

Gargaɗi
Ni dai shawara na bayar, ba ruwana da abin da ya biyo baya. Idan gado ya kumbura da damina, ko shagon Gyadi-Gyadi ya koma wurin cajin waya, ko Yaya ya rage leƙo ki ranar Juma'a, kada a nemi ni. In kuwa ƙafar gadon ta karye, ki kira shi. Zai zo da gudumarsa, ba zai ce miki uffan ba, kuma wallahi da ya zage ki da ya fi miki sauƙi.